Ɗacin Gado

Masana halittar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa jariri yakan zo duniya da ƙin ɗaci. In aka ɗiga masa ruwan sukari a harshe sai fuskarsa ta saki. In aka ɗiga masa abu mai ɗaci sai ya yamutse fuska, ya turo harshe waje, ba tare da wani ya koya masa ba. Yawancin dafin da ke cikin tsirrai ɗaci gare shi, shi ya sa harshen mutum yake da kimanin iri 25 na ƙwayoyin gane ɗaci, alhali na gane zaƙi iri ɗaya ne tak. Ɗaci dai gargaɗi ne. Duk da haka, da wuya a sami al'ummar da ba ta ɗauki wani abu mai ɗaci ta mai da shi abin karrama baƙo ba. Yaron da ya fara gatsa goro tofarwa yake yi, yana mamakin abin da manya suka gani a cikinsa; bayan shekara ashirin shi ne zai riƙa bambanta daushe da sabon goro tun kafin ya kai baki. Mutanen Ingila kuwa ba su ko sakaya ba: giyar da suke ɗauka tasu ta gado sunanta a Ingilishi "bitter", wato mai ɗaci, kuma da wannan suna ake neman ta a mashaya.

Galibin masu karanta wannan shafi ba su taɓa kai giya baki ba, hukuncinta kuma a Musulunci sananne ne, ba ya buƙatar ƙari. Abin da ya sa ta cancanci nazarin malamai da ƙungiyoyin raya al'adu shi ne, da wuya a sami wani abin gargajiya da aka rubuta tarihinsa daki-daki, da shekaru da dokoki da littattafan haraji, kamar wannan abin sha. Inda akwai rubutaccen tarihi irin wannan, ana iya ɗaukar kalmar "gargajiya" a ɗora ta a kan ma'auni. Idan mutum ya ɗanɗana abu ya ce ya ji ɗanɗanon gado, me ya ɗanɗana? Tsufan abin ne, ko wani abu dabam?

Ga abin da ke cikin kofin. Ma'auninsa guda ne a duk ƙasar, mililita 568. Launin giyar tsakanin jan tagulla da ruwan shayi yake, garau, ana hango yatsa ta bayan gilashi. Ba ta da sanyin ƙanƙara. Ana ajiye ta ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin digiri 11 zuwa 13. Iskar da ke cikinta kaɗan ce, ba ta tsikarin harshe kamar lemun kwalba, barasarta kuma ba ta cika wuce kashi 3.5 zuwa 4.5 cikin ɗari ba. Masu shanta sun ce abin da ke fara isa baki shi ne ƙamshin gasasshen hatsi, kamar ɓawon burodi, da ɗan zaƙin ƙonannen sukari, da wani ƙamshi mai kama da na ƴaƴan icce wanda yisti ke barin sa. Sai an haɗiye ne ɗacin ke tasowa daga bayan harshe, busasshe, mai kama da na ganyen shayin da ya daɗe a ruwa, ya share zaƙin duka ya bar bakin wayam. Baƙon da ya zo daga Faransa ko Jamus yakan ce ɗumi gare ta kuma lami ce. Masu dafa ta kuwa suna cewa an yi ta ne don ta raka hira, kada ta ja hankali zuwa kanta, kuma wannan rashin hayaniya shi ne mafi wuyar samu a sana'arsu, domin babu wani ƙaƙƙarfan ƙamshi da zai rufe kuskure.

A ƙarnin nan ƙananan gidajen dafa giya masu zaman kansu sun yawaita a Birtaniya, musamman bayan 2002, lokacin da ministan kuɗi Gordon Brown ya rage wa masu ƙaramin ƙarfi haraji. Gidan Thornbridge da ke yankin Derbyshire ya buɗe a 2005, kuma giyar da ya fara dafawa, Lord Marples, mai ɗaci ce irin ta da. Gidan Five Points na unguwar Hackney a gabashin Landan, wanda aka kafa a 2013, shi ma ya fito da tasa. Matasa ne suka kafa irin waɗannan gidaje, da tukwanen ƙarfe masu walƙiya da na'urorin awo, amma a jikin famfonsu sukan rubuta cewa wannan ta gargajiya ce. To, gargajiyar yaushe?

Shi kansa ɗacin baƙo ne a Ingila. Yana fitowa ne daga furen wata shuka mai yaɗo da ake kira hop a Ingilishi, houblon a Faransanci. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 14, abin da mutanen Ingila ke sha shi ne wata giyar tsiron hatsi da suke kira ale, mai zaƙi-zaƙi, wadda ba ta san wannan fure ba, kuma cikin ƴan kwanaki take tsami. Fatake da baƙi daga Holan da Flandre ne suka shigo da mai ɗacin, ba kuma don daɗinta aka fara son ta ba: sinadarin ɗacin yana hana ƙwayoyin da ke sa tsami yaɗuwa, sai giyar ta daɗe, ta jure tafiya. Ƴan ƙasa sun yi turjiya. A 1483 masu dafa ale na birnin Landan suka nemi hukuma ta hana sa komai a cikinta in ban da ruwa da tsiro da yisti. A 1542 wani likita mai suna Andrew Boorde ya rubuta cewa ale ce ta dace da jikin mutumin Ingila, mai ɗacin kuwa abin shan mutanen Holan ce. Wajen shekarun 1520 ne aka soma noman furen sosai a yankin Kent. Abin da kakanni suka kira gurɓata al'ada, shi jikoki ke rantsuwa da shi a matsayin al'adar.

Akwai kuma waɗanda wannan sauyi ya ture, da ba a cika ambaton su ba. Tsohuwar ale sana'ar mata ce: a gida suke dafa ta kaɗan-kaɗan, su sayar wa maƙwabta kafin ta lalace, kamar yadda burkutu yake a hannun mata a inda ake dafa shi. Masaniyar tarihi Judith Bennett ta nuna, a wani bincike da ta wallafa a 1996, yadda sana'ar ta suɓuce daga hannunsu tsakanin 1300 da 1600. Da giya ta zama abin da ke ajiyuwa, sai ta zama abin da ake dafawa da yawa. Dafawa da yawa kuma na bukatar jari da manyan tukwane da bashi da ƙungiyar sana'a, abubuwan da dokar wancan zamani ta fi buɗe wa maza. Ɗacin da ya tsawaita ran giya yana cikin abubuwan da suka gajarta ran sana'ar mata. Duk gado yana da waɗanda aka fitar daga rabonsa, mai ɗanɗano kuwa ba ya jin wannan a harshe.

Sauran kayan haɗin ma ba su kai tsufan da ake zato ba. Launin nan garau ya samu ne bayan an koyi busar da tsiron sha'ir da gawayin kwal maras hayaƙi, ya kuma sami kasuwa bayan an soke harajin gilashi a 1845, mutane suka fara ganin abin da suke sha. Garin Burton da ke bakin kogin Trent ya zama cibiyar sana'ar saboda ruwan rijiyoyinsa, wanda ke ratsa farin ma'adinin jibsim, irin wanda ake zubawa cikin siminti a Malbaza. Wannan ma'adini yana sa ɗacin ya fito tsaf, giyar kuma ta tace. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1839. Lokacin da aka gina tashar St Pancras a Landan, wadda aka buɗe a 1868, da tsawon gangar giyar Burton aka auna tazarar ginshiƙan da ke ƙarƙashinta. Jan tambari mai kusurwa uku na kamfanin Bass shi ne tambarin kasuwanci na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, ranar 1 ga Janairu 1876. Wato dai mai ɗaci ƴar zamanin masana'antu ce, ƙanwar jirgin ƙasa. Daga baya masana sinadarai suka gane sirrin ruwan, suka riƙa zuba jibsim a ruwan kowane gari, har aka raɗa wa wannan dabara sunan Burton. Irin furen da aka fi alaƙanta shi da ɗanɗanon gargajiya, Fuggle, wajen 1875 ya shiga kasuwa. Irin sha'ir ɗin da masu dafawa ke tinƙaho da shi, Maris Otter, masana aikin gona ne suka samar da shi a Cambridge a tsakiyar shekarun 1960. Akwai dattawan da ke shan sa yau da suka girme shi.

Ko sauƙin barasar, wanda ake yabo a ce hikimar kakanni ce, doka ce ta haife shi. A 1880 Gladstone ya ɗauke haraji daga kan tsiro ya mai da shi kan ƙarfin giyar, sai ƙarfi ya zama tsada. Kafin 1914 da yawa daga cikin irin waɗannan giya sun kai kashi 5 zuwa 6. Yaƙin Duniya na Farko ya zo da ƙarancin hatsi da ƙarin haraji da taƙaita lokutan buɗe mashaya, don ma'aikatan ƙera makamai su isa aiki da hankalinsu. Ƙarfin giya ya faɗi, bai kuma sake komawa inda yake ba.

Mai gaggawar hukunci zai ce ashe ƙarya ce ake sayarwa. Yana da madogara: a 1983 Eric Hobsbawm da Terence Ranger sun fitar da littafi a kan yadda ake ƙirƙiro al'adu a sa musu rigar tsufa, kuma tun daga lokacin wannan ra'ayi ya zama sandar da ɗalibai ke dukan kowace al'ada da ita. Sai dai sandar ta fi dukan wanda ya ce al'ada ita ce abin da bai taɓa sauyawa ba. In an bi wannan ma'auni, babu al'ummar da ke da al'ada ko ɗaya a duniya, domin kowane abinci da tufafi da kiɗa yana da ranar da ya shigo gari a matsayin baƙo. Ya kamata a nemi gadon a wani wuri, rikicin da ya ɓarke a shekarun 1970 kuwa ya nuna inda yake.

A shekarun 1960 kamfanoni suka yi ta haɗiye juna har manya guda shida suka mallaki kusan kashi uku cikin huɗu na giyar da ake dafawa a ƙasar, da dubban mashayu. Suka fi son wata sabuwar hanya: a tace giya tas, a dumama ta bisa dabarar Louis Pasteur don a kashe duk mai rai a cikinta, a rufe ta a ganga mai matsi, a tura ta zuwa kofi da iskar gas. Irin wannan tana makonni ba ta sauya ba, ba ta kuma buƙatar gwaninta daga mai mashaya. Ya haɗa bututu kawai. Red Barrel ta kamfanin Watney ce ta zama alamar wannan zamani. Sunanta ita ma mai ɗaci, sha'ir ne, fure ne, ruwa ne. A 1971 wasu samari huɗu daga arewa maso yammacin Ingila, Michael Hardman da Graham Lees da Jim Makin da Bill Mellor, suna hutu a yammacin Ailan, suka kafa ƙungiyar da aka sani da CAMRA don yaƙar wannan hanya. Mambobinta sun haura 150,000 a shekarun 2010. Abin lura shi ne ba su kafa hujjarsu a kan kayan haɗi ba. A kan gangar suka kafa ta.

Tsohuwar hanyar ita ce ta ganga mai numfashi. Giya takan bar gidan dafawa ba ta ƙarasa nuna ba, da yisti mai rai a cikinta da ɗan sauran sukari. Akan zuba mata wani ruwa da ake samu daga jakar iskar cikin kifi, wanda ke jan gurɓi zuwa ƙasa. Idan ta iso mashaya, mai kula da ɗakin ƙasa zai kwantar da ita a kan gado, ya bar ta ta huta kwana ɗaya ko fiye, ya huda ta sama ya cusa ɗan tsinken icce mai laushi don iskar da ta yi yawa ta fita, ya riƙa dubawa, in ta lafa ya sauya shi da tsinke mai tauri. Shi zai ɗiba ya duba a haske, ya sunsuna, ya yanke hukuncin ko ta isa. In ya yi gaggawa ta fito da gurɓi da ɗanyen ɗanɗano. In ya yi jinkiri ta mutu. Daga nan sai a ja ta da famfon hannu, kuma kowane kofi da ya fita, iskar ɗaki ce ke maye gurbinsa. Daga ranar da aka buɗe ta kwana uku ne gare ta, ko huɗu in an yi sa'a, sannan ta juya ta yi tsami. Bututun ma sai an wanke su kowane mako. Ruwa ba ya tsami banza: idan kofi ya ɓaci, akwai hannun da ya yi sake, kuma ana iya bin sawu a gano shi.

A nan gadon yake. Mai dafawa ya saki abin da bai ƙarasa ba, ya damƙa sunansa a hannun wani mutum da ke wani gari wanda wataƙila bai taɓa gani ba. Mai mashaya ya karɓi abin da zai iya lalacewa a hannunsa. Mai sha ya yarda cewa kofin yau ba zai zama daidai da na jiya ba, ya kuma koyi gane bambancin. Amana ce mai bin hannu da hannu, kowane hannu yana iya ɓata ta. Ganga mai matsi ta zo ne don ta raba sana'ar da wannan haɗari, kuma ta yi nasara, amma da ta kawar da yiwuwar sake sai ta kawar da buƙatar kula. Inda ba a buƙatar kula, babu abin da babba zai koya wa yaro.

Sai dai wa ya ce na ganga mai numfashi ya fi daɗi? Ai an ce abincin wani gubar wani. Wannan tsohuwar gardama ce a falsafa. David Hume, a maƙalar da ya wallafa a 1757 a kan ma'aunin ɗanɗano, ya aro wani labari daga Don Quichotte na Cervantes. An kira wasu mutum biyu su ɗanɗana giyar inabi daga wata ganga da kowa ke yabo. Na farko ya ce tana da kyau, sai dai ya ji ɗan ɗanɗanon fata. Na biyu ya ce tana da kyau, sai dai ya ji ɗan ƙarfe. Jama'a suka yi musu dariya. Da aka ƙarar da gangar sai ga tsohon mabuɗi a gindinta, ɗaure da tsirkiyar fata. Abin da Hume ke nufi shi ne, ko da yake daɗi a bakin mai sha yake, akwai harshen da ya fi wani gani, kuma ana samun sa ta yawan gwadawa da kwatantawa da kawar da son zuciya. Bayan ƙarni biyu, Pierre Bourdieu ya zo da kishiyar magana a littafinsa La Distinction na 1979: abin da ake kira gogaggen ɗanɗano sau da yawa katanga ce da masu hali ke ginawa don su bambanta kansu da talakawa.

Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, kuma ana ganin duka biyun a mashayar Ingila. Akwai mai littafin rubutu a aljihu, wanda ke kurɓa ya lumshe ido ya jero sunayen ƙamshi goma don a san ya sani. Wannan na Bourdieu ne. Amma mai ɗaci ba ta dace da zargin nan sosai ba, domin ta zama abin shan ma'aikata da ƙananan ma'aikatan ofis, kuma hukuncin da masu shanta ke yankewa yana da mabuɗinsa a gindin ganga. Idan tsoho ya kurɓa ya ture kofi ya ce gangar ta kwana huɗu, ko an yi kwana goma ba a wanke bututu ba, ana iya sauka ƙasa a duba. A Disamba 2006 kamfanin Greene King ya cire giyar gidan Harvey's daga wata mashaya tasa a garin Lewes, inda ake dafa ita Harvey's ɗin. Mutanen unguwa suka ƙaurace wa mashayar, suka riƙa tsayawa a ƙofarta cikin hunturu, har kamfanin ya mai da ita a Afrilu 2007. Ba masu neman a ce sun waye ba ne suka yi wannan; mutane ne da harshensu ya saba da wani abu tun ƙuruciya, suka ƙi a sauya musu shi daga wani ofis mai nisa.

Masu tsaron gado su ma suna da cutarsu. Ƙungiyar da ta tashi don ceto abu mai rai ta wayi gari tana da ma'anar da ta rubuta, tana auna kowa da ita. Da matasan shekarun 2000 suka zo da salon Amurka, mai furanni masu ƙamshin lemu da mangwaro, suka kuma zuba shi a ganga mai matsi ba tare da sun kashe shi da zafi ba, sai dattawan ƙungiyar da yawa suka ƙi ko kallonsa, alhali an yi shi da kulawar da ta fi ta wasu gangunan da suke yabo. Matasan su ma suka rama, suna kiran mai ɗaci ruwan tsofaffi maras armashi. A 2018 aka kawo shawarar faɗaɗa manufar ƙungiyar ta wakilci masu shan kowace irin giya. Ta sami rinjaye, amma ba ta kai kashi 75 da dokar ƙungiyar ke nema ba. Abin dariya shi ne, a daidai wannan lokaci wasu daga cikin matasan, bayan sun gaji da hayaniyar ƙamshi, suka juyo suna dafa abin da suka raina. Tsofaffin gidajen kuwa suna ta fita daga hannun iyalan da suka gaje su: a 2019 gidan Fuller's na Landan ya sayar da sashensa na dafa giya ga kamfanin Asahi na Japan.

Abin da ya faru a 2024 ya ƙara rikita lissafin wane ne magaji. A Burton akwai wata dabara ta ƙarni na 19: jerin manyan gangunan icce da aka haɗa da bututu masu lanƙwasa kamar wuyan agwagwar ruwa, inda kumfar yisti ke hawa ta zuba a kwami, giyar kuma ta gangaro ta koma ganga. Gidan Marston's ne kaɗai ya rage yana aiki da ita a garin. A farkon wannan shekara kamfanin da ya haɗa Carlsberg da Marston's ya sanar da cewa ya daina. Thornbridge, gidan da bai cika shekara 20 ba a lokacin, shi ya karɓi jeri ɗaya ya kai Bakewell ya ci gaba da dafawa a ciki. Gidan da ya gaji abin ya ajiye shi, baƙo ya ɗauka. Idan gado jini ne, Thornbridge ba shi da rabo. Idan kuwa ɗaukar wahalar abin ne, da wuya a hana shi.

Akwai wata tambaya da duk wannan bai amsa ba, kuma kuskure ne a bari kyan labarin ya rufe ta. Kasancewar abu na gado na gaskiya bai sa ya zama alheri ba. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta lissafa mutum fiye da 10,000 da barasa kai tsaye ta kashe a 2022, ban da haɗurran mota da gidajen da suka watse. Masu kare mai ɗaci sukan ce tasu mai sauƙi ce, a bainar jama'a ake shanta, a gaban mai mashayar da doka ta hana shi sayar wa wanda ya bugu, kuma ta fi kwalbar da mutum zai saya da arha ya shanye shi kaɗai a ɗaki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma hanta ba ta tambayar daga wace ganga barasa ta fito. Ƙin giya ma gado ne a Ingila. A 1832 Joseph Livesey da wasu mutum shida a garin Preston suka sa hannu a kan alkawarin barin duk abin da ke sa maye, kuma motsin da suka tayar ya ja miliyoyin ma'aikata da mabiya coci-coci. Wannan alkawari ya girme furen Fuggle da shekara fiye da 40, ya girme tambarin Bass, ya girme zuwan jirgin ƙasa Burton. Mutumin Ingila da ya ƙi sha yana da kakannin da zai jingina da su kamar yadda mai sha yake da nasa. Saboda haka "haka muka tarar" ba ta raba gardama. Kowa ya tarar da abubuwa masu karo da juna, shi ne kuma ke zaɓen wanda zai ɗauka, alhakin zaɓin yana wuyansa. Wanda ba ya sha yana iya gane ƙimar amanar da ke cikin sana'ar ba tare da ya wanke abin da ake sayarwa ba, kamar yadda ake yaba aikin maƙerin takobi ba tare da an so yaƙi ba.

Ita amanar ma tana cikin matsi, kuma masoyanta na da hannu. Mashayun Birtaniya sun ragu daga kimanin 60,000 a 2000 zuwa wajen 45,000 a farkon shekarun 2020, cinikin giyar ganga mai numfashi kuma ya daɗe yana raguwa. Duk da cewa ita ce ta fi cin aiki, ta fi saurin lalacewa, galibi ita ce mai arha a kan kanta, domin masu shanta sun saba ganin ta abin shan talaka, suna kuma ƙorafi da zarar an ƙara mata kuɗi. Suna son kula, ba sa son biyan ladan mai kula. Ganga madaidaiciya tana ɗaukar galan 9, kusan lita 41, wato kofi 72. Mai mashayar ƙauye da ya buɗe ta ranar Juma'a yana iya wayar gari Talata da kofi 25 a ciki, ƙamshin ya fara juyawa, kaɗan dai, yadda mutum ɗaya cikin biyar ne zai lura. Babu mai ganin sa a ɗakin ƙasa. In ya zubar, ribar gangar duka ta tafi, ga kuɗin haya da na lantarki suna jira. In ya sayar, wataƙila saurayin da ya zo gwada ta karon farko ya sha tsami ya ɗauka haka take, ya koma ga ganga mai matsi har abada, sunan wani mai dafawa da ke nesa kuma ya ɓaci a bakinsa. Wasu sukan zubar. Wasu sukan sayar. Da yawa kuma, bayan sun sha fama da wannan lissafi, sukan kira kamfani ya zo ya kwance famfon hannun.